Yaro mai ƙyamar abinci: yadda za a fita da shi cikin jama'a

A ƙasar Hausa cin abinci a gidan wani babban ginshiƙi ne na zumunci. Ranar suna, ranar ɗaurin aure, yawon sallah, sadakar bakwai ko ta arba'in, babu wadda take cika sai an ajiye akushi ko tire a tsakiya an kewaye shi. A birane kamar Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai kuwa an ƙara da wata al'ada: ma'aikaci ya kwashi iyalinsa ranar hutu su tafi gidan sayar da abinci, ko matafiya su sauka a tasha su ci abin da ya samu. A duk waɗannan wurare, wanda aka miƙa wa abinci ya kau da kai, ana ɗauka ya raina mai gida ne.

To amma akwai wani irin yaro da wannan doka take yi wa nauyi. Ɗan shekara uku ne ko huɗu, yana wasa yana dariya kamar kowane yaro. Da zarar an buɗe kwano warin daddawa ya bugi hancinsa, sai ya ja da baya yana yunƙurin amai. Idan miyar kuɓewa ta taɓa masa yatsa, sai ya fashe da kuka kamar wanda kunama ta harba. A gida abincinsa bai wuce iri uku ko huɗu ba: farar shinkafa ba miya, burodi, koko da aka tace sarai, wataƙila da ƙosai. A wurin biki kowa da abin da zai faɗa. Wannan ta ce sangarta ce, waccan ta ce uwarsa ce ta ɓata shi, wata ta ce a nemi tofi. Daga ƙarshe uwar takan zaɓi ɗaya cikin biyu: ta riƙa barinsa gida, ko ita ma ta daina zuwa. Ko wanne ta zaɓa, zumunci ya yi rauni, yaron kuma bai koyi kome ba.

Abin da ke faruwa a bakin yaron

Cin loma guda aiki ne na gaɓoɓi da yawa. Ido yana duba launi, hanci yana shaƙar ƙamshi, yatsu da harshe suna jin laushi ko tauri, zafi ko sanyi, kunne kuma yana jin ƙarar tauna. Jijiyoyi su ke kai dukan waɗannan saƙonni ga ƙwaƙwalwa, ita ce take yanke hukunci: a haɗiye ko a tofar. Mutane ba su zama ɗaya ba wajen ƙarfin wannan saƙo.

A shekarar 1931 wani masanin haɗa sinadarai na Amurka mai suna Arthur Fox yana aiki da wani farin gari da ake kira PTC, sai ƙurarsa ta tashi. Abokin aikinsa ya yi kukan ɗaci a bakinsa, alhali shi Fox, wanda ya fi kusa da garin, bai ji kome ba. Da aka gwada mutane da yawa sai aka tarar abin gado ne: wasu suna jin ɗacin ƙwarai, wasu kaɗan, wasu ko alama. A shekarar 2003 aka gano ƙwayar gadon da ke da hannu a cikin wannan bambanci. Wato ganye ɗaya, tukunya ɗaya, amma abin da ya isa harshen wani ya bambanta da abin da ya isa harshen ɗan'uwansa. Da ma Bahaushe ya ce abincin wani gubar wani.

Haka zancen yaji yake. Barkono ba ya cikin ɗanɗano kamar zaƙi, tsami, ɗaci ko gishiri, zafi ne. A shekarar 1997 David Julius da abokan aikinsa suka nuna cewa sinadarin da ke cikin barkono yana taɓa wurin nan na jijiya da ke jin ƙuna idan abu ya zarce digiri 43 na zafi, kuma wannan aiki ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2021. Babban mutum ya shekara da shekaru yana cin yaji har bakinsa ya saba. Ƙaramin yaro da ya ce tsire ya ƙona shi, gaskiya ya faɗa.

Ga yaro mai ƙyamar abinci, waɗannan saƙonni suna isa da ƙarfi fiye da kima, kamar rediyon da aka murɗa har ƙarshe. Sau da yawa ma ba ɗanɗanon ne ke damunsa ba, yanayin abincin ne a baki: yauƙin kuka, kuɓewa ko lalo, gudajin fura da ba ta damu sosai ba, zaren nama, ɗan yankan albasa da ya ɓuya cikin shinkafa. Abin da ya fi tsoro shi ne abincin da aka cakuɗa, irin dafa-duka ko kwaɗon zogale, domin bai san abin da kowace loma za ta zo da shi ba. Abin da ya fi so kuwa shi ne wanda ba ya canzawa: burodin yau kamar na jiya yake.

Tsirfa ta ƙuruciya da larura ta gaske

Wajibi ne a rarrabe abu biyu. Yawancin yara, tsakanin shekara 2 da shekara 6, sukan yi gudun abincin da ba su sani ba. Wannan ɗabi'a ce ta girma, tana wucewa, kuma yaron da ya ƙi miya yau zai iya sha gobe idan yunwa ta kama shi. Na biyu shi ne yaron da ƙyamar ta yi wa tsanani har ta taɓa girmansa, ko ta hana shi zama da mutane.

A shekarar 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa wannan larura ta biyu cikin kundinta da suna ARFID, wato gudun abinci ko taƙaita shi ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma ta sa ta cikin jerin cututtuka, bugu na 11, wanda ya soma aiki ranar 1 ga Janairu 2022. Likitoci sun ambaci tushe uku: ƙyamar wari, ɗanɗano ko yanayin abinci, tsoron shaƙewa ko amai bayan yaro ya taɓa gamuwa da su, da kuma rashin sha'awar ci gaba ɗaya. Ana yawan ganin ƙyamar abinci ga yara masu larurar da ake kira otizim, waɗanda sukan yi jinkirin magana, su ƙi haɗa ido, su kasa jure hayaniya. Duk da haka yara da yawa masu ƙyamar abinci ba su da wannan larura, kuma likita ne kaɗai ke da ikon tantancewa.

Ga irin wannan yaro, shawarar nan ta «a bar shi da yunwa, zai ci» tana da haɗari. Yana iya wuni ya kwana bai ci ba, domin a wurinsa abin da ke cikin kwanon bai zama abinci ba tukuna.

Dalilin da ya sa abin ya fi tsanani a waje

Uwaye da yawa sukan lura cewa yaron da ke cin ƙosai a gida yakan ƙi shi a wurin biki. Dalili a fili yake. A gida tabarmarsa ce, kwanonsa ne, hannun uwarsa ne ya yi girkin. A wurin biki kuwa ga hayaƙin murhu, ga turaren mata, ga kiɗa da lasifika, ga maroƙa, ga zafin rana, ga baƙin fuskoki kowa yana son ya ɗauke shi. Kafin a kawo abinci ƙwaƙwalwarsa ta riga ta cika, kamar tulun da ya kai baki: ɗigo ɗaya ya isa ya zuba. Sannan ga jira, domin abincin biki ba ya fitowa kan lokacin da yaro ya saba. Yunwa da gajiya suna ƙara masa ƙunci, sa'an nan a ajiye tire guda, hannuwa shida ko bakwai a ciki, an riga an malala miya a kan kome.

Abu na ƙarshe shi ne ido. Da ya ƙi loma ta farko, sai kallo ya koma kansa. Uwar ta ji kunya, ta matsa masa. Shi kuma ya ji an matsa, ya ƙara ƙanƙame baki.

Ɗura, duka da alkawarin alewa

Hanyoyi uku aka saba bi, dukansu kuwa suna ƙara dagula al'amarin. Ta farko ɗura ce: a kwantar da yaro a cinya, a toshe masa hanci, a kwarara masa koko da tafin hannu. Yaron da ke kuka numfashi yake ja, saboda haka kokon yana iya bin hanyar iska ya faɗa huhu, ya jawo ciwon huhu ko shaƙewa nan take. Wanda ya tsira kuma yakan tashi da tsoron duk abin da ya nufo bakinsa. Ƙa'idojin ciyar da ƙananan yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2003 sun yi umurni a ciyar da yaro a hankali da haƙuri, a ƙarfafa masa gwiwa, kada a tilasta masa.

Ta biyu tsawa ce da duka. Ta uku kuwa ciniki: «In ka cinye tuwon nan, na saya maka alewa.» Wata masaniya ƴar Amurka, Leann Birch, wadda ta yi shekaru tana nazarin cin abincin yara, ta nuna tun cikin shekarun 1980 cewa abincin da aka mai da shi sharaɗin samun lada, ƙaunarsa raguwa take yi a zuciyar yaro. A wani gwaji da ita da abokan aikinta suka buga a 2006, yaran da aka riƙa ce wa su shanye romonsu sun sha ƙasa da abin da suka sha lokacin da aka ƙyale su.

Binciken nata ya nuna abin da ke aiki. Yaro yakan buƙaci ya gamu da sabon abinci sau 8 zuwa 15 kafin ya karɓe shi, mai ƙyama ta gaske kuwa fiye da haka. Kuma a 1980 ta nuna cewa yaron da aka zaunar tare da tsararsa masu cin wani kayan lambu da shi ba ya so, bayan ƴan kwanaki yakan soma zaɓensa. Ashe al'adar tara yara su ci tare tana da amfani babba, muddin ba a mai da ita wurin tsokana ba.

Shiri tun daga gida

Wurin biki ko gidan sayar da abinci ba makarantar koyon sabon abinci ba ce. Koyo a gida ake yinsa, cikin natsuwa, mataki mataki: yau ya yarda a ajiye abincin kusa da shi, wani mako ya sansana, daga baya ya taɓa, ya lasa, har ya gutsura. Ana kuma ɗora sabo a kan wanda ya sani: daga farar shinkafa zuwa mai ɗan mai, daga nan zuwa mai ƙwayar wake biyu ko uku a gefe, daga koko zuwa kunun gyaɗa. Kada a ɓoye masa abin da ya ƙi a cikin abin da yake so, domin in ya gane, yana iya barin duka biyun. Sannu ba ta hana zuwa.

Manufar fita ɗaya ce: yaro ya zauna cikin mutane hankalinsa kwance, ya koma gida ba tare da tsoron fita ta gaba ba. Saboda haka a ba shi ɗan abin da ya saba ci kafin a tashi, don kada ya isa da yunwa mai tsanani. A zuba abincinsa a kula, a haɗa da kofinsa da cokalinsa da butalin ruwa mai tsabta. A gaya masa inda za a je da abin da zai gani: gidan Gwaggo ne, akwai kiɗa, akwai mutane, abincinka yana nan cikin jaka. Yaron da ya san abin da ke gabansa ya fi jurewa. Cikin guzurin kada a sa gyaɗa ƙwaya ƙwaya ga wanda bai kai shekara 5 ba, domin tana shaƙe yara.

Idan tafiya ce mai nisa, kamar daga Yamai zuwa Damagaram, wajen kilomita 900, kada a dogara da abin da za a samu a Dogondutsi, Ƙonni ko Maraɗi. Mota ba ta jiran yaro ya yi shawara. A yi guzurin da zai kai har masauki, da ɗan ƙari saboda ɓacin rana.

A wurin cin abincin

A gidan biki a nemi gefe, nesa da murhu da lasifika, inda iska ke kaɗawa. A zuba masa nasa a ƙaramin kwano, ya zauna kusa da sauran yara, ko da ba zai sa hannu cikin tirensu ba. Idan ya nuna sha'awar wani abu a ba shi ɗan kaɗan a gefe, ba tare da guɗa ko shela ba. Idan ya sa a baki ya kasa haɗiyewa, a bar shi ya tofar a hankali. Sanin cewa yana da ikon tofarwa shi ke ba shi ƙarfin sake gwadawa.

A gidan sayar da abinci a je kafin cunkoso. A yi wa mai abinci bayani a sarari: shinkafa daban, miya daban, waina ba miya, taliya ba yaji. A wurin mai tsire ko balangu a yi magana kafin ya barbaɗa yaji da albasa, domin karkaɗewa daga baya ba ta cire warin. A nemi a kawo na yaron da fari. Da an ga alamun ya kai iyaka, yana toshe kunne, yana ɓuya bayan zane, yana jujjuya jiki, sai a fita da shi waje ya huce, ko a yi sallama. Zaman rabin awa da aka rabu lafiya ya fi na awa uku da ya ƙare da kuka.

Wata masaniyar abinci ta Amurka, Ellyn Satter, ta tsara rabon aiki tsakanin babba da yaro tun cikin shekarun 1980: babba ne ke zaɓen abin da za a ajiye, da lokaci, da wuri, yaro ne ke zaɓen ko zai ci da kuma yawan da zai ci. Ga mai ƙyama sai a ƙara sharaɗi guda: kowane zama ya kasance akwai abu ɗaya da aka tabbata yana ci.

Hakkin dangi da mai masauki

Nauyi mafi girma a nan ba a wuyan uwa yake ba. A al'ada uwa tana kunyar ɗanta, musamman ɗan fari. Ba ta kama sunansa, balle ta tsaya tana kare shi gaban surukai. Idan ta fito da kula daga jaka a gidan mutane, ana iya cewa ta raina girkinsu. Don haka ya kamata uba ya yi wa danginsa bayani tun kafin ranar, ko kuma gwaggo ko kaka ta ɗauki maganar a bakinta. Kalma ɗaya daga babba ta isa: «Hajiya, a yi mana haƙuri, yaron nan bakinsa ba ya ɗaukar miya, likita ya ce kada a matsa masa. A bar shi ya ci nasa tare da ƴan'uwansa.» Kakar da ke wasa da jikanta tana cewa «Mijina ya ƙi tuwona, zan kai ƙara», tana iya ci gaba da wasanta, in dai ba a bi wasan da loma ba.

Mai masauki kuwa abin da ake nema gare ta kaɗan ne: ta ɗebi ludayi guda na farar shinkafa kafin a zuba miya, ta hana sauran yara tsokana, ta kuma bar tambayar «har yanzu bai fara ci ba?». Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Masu gidajen abinci su ma ba su yin hasarar ko dala idan sun raba miya da tuwo, kuma iyalin da aka yi wa haka su ne masu dawowa.

Lokacin da ya wajaba a je likita

Ƙin abinci na farat ɗaya, ga yaron da da yake ci, alama ce ta ciwo: zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, ƙurajen baki, ciwon haƙori ko na maƙogwaro. Wannan a kai shi likita ba jinkiri. Haka kuma kumburin leɓe ko fuska, ƙaiƙayi da wahalar numfashi bayan cin wani abu, jiki ne ke ƙin abincin, kuma yana buƙatar taimakon gaggawa.

Ga mai ƙyama ta dindindin, alamun da za a duba su ne: nauyi ya tsaya ko yana raguwa a takardar awo; abincin da yake ci yana ƙara raguwa maimakon ƙaruwa; yana ƙwarewa ko tari duk lokacin ci; tafin hannu da cikin ido sun yi fari, alamar ƙarancin jini; yana dundumi da dare, alamar rashin bitamin A; ƙafafu sun kumbura. A cibiyoyin lafiya ana auna damtsen yara daga wata 6 zuwa wata 59 da wani ɗan zare mai launi uku. Ƙasa da milimita 115, wato ja, tamowa ce mai tsanani. Daga 115 zuwa 125, ruwan ɗorawa, tamowa matsakaiciya. Yaro yana iya zama a gidan da tukunya ba ta sauka daga wuta, amma zaren ya nuna ja, idan shinkafa da burodi kaɗai ke shiga cikinsa. Kafin a je, yana da kyau uwaye su rubuta duk abin da ya ci cikin kwana bakwai, da abin da ya ƙi, da yadda ya yi. Wannan takarda tana taimakon ma'aikacin lafiya fiye da doguwar magana.

Akwai kuma rigakafi ga masu goyo. Bayan wata 6 na nono zalla, a riƙa kaurara abincin jariri sannu a hankali. Ƙa'idojin 2003 da aka ambata sun yi gargaɗi cewa jinkirta abinci mai ɗan gudaji har bayan wata 10 yana iya ƙara wahalar ci daga baya.

Ma'aikatan lafiya, malaman makaranta, shugabannin unguwa da ƙungiyoyin mata su ne jama'a ke sauraro, su ya kamata su fara daina kiran irin wannan yaro sangartacce. Yaron da aka bari ya zauna gefen tire da ɗan kwanonsa yana ganin yadda ake ci, yana jin ƙamshi daga nesa, yana koyon gaisuwa da wankin hannu da bismillah, kuma wata rana da kansa zai miƙa hannu. Wanda aka rufe a gida saboda gudun magana ya rasa duk wannan. Ɗa na kowa ne, kuma wurinsa yana cikin jama'a ko da farar shinkafa kaɗai zai ci.